Bidiyon biki da ke cijewa a kwamfutar gidan Yaya, da yadda muka gano bakin zaren

Bidiyon bikin 'yar yayata ne ya ƙi kalluwa a kwamfutar gidansu, shi ne aka kira ni tunda ni aka sani da taɓa irin waɗannan abubuwa a dangi. Yadda abin yake shi ne sauti na tafiya lafiya lau, kiɗa na tashi, ana jin guɗa da surutun mutane tar-tar, amma hoton sai ya tsaya cak, ya daskare kamar daƙiƙa biyu ko uku, sannan ya yi tsalle ya dira can gaba, wani lokacin ma fuskokin mutane su narke su koma wani irin toka-toka mai gida-gida kafin su dawo daidai. Baki na motsi daban magana na fita daban. Kuma ba a wuri ɗaya ba ne, tun daga wajen kamu har zuwa dina haka yake yi.

Kafin in iso an riga an yanke hukunci har kala biyu. Yaya ta ce mai ɗaukar bidiyon ne ya cuce su, ya karɓi kuɗi masu kauri ya kawo musu aikin da bai kammala ba, har tana shirin tura masa saƙo mai zafi. Ɗanta kuma, wanda shi ne ke amfani da kwamfutar kullum, ya ce shi dai a ganinsa kwamfutar ce ta gaji, dan ya riga ya kai ta wajen mai gyara an lissafa masa abin da za a yi, a ƙara RAM wato ma'ajiyar wucin gadi da kwamfuta ke aiki a kanta, a sa SSD wato faifan ajiya na zamani mai sauri, a sake yi mata fomatin, a zuba mata wani tarin kodek, wato 'yan manhajojin buɗe bidiyo. Kuɗin da aka faɗa masa ba kaɗan ba ne wallahi. Abin da ya sa na ɗauki lamarin da gaske kenan, dan mutum biyu ne za su yi asara a kan zato, ɗaya sunansa zai ɓaci ɗaya aljihunsa zai yi kuka.

Kwamfutar dai laftof ce tokumbo, irin waɗanda ofisoshin Turai ke gama yayinsu a kwaso a kawo mana kasuwa. Firosesarta, wato sashen da ke yi mata lissafi, Intel Core i5-3320M ce, fitowar 2012, mai ƙwaƙwalwa biyu, ɓangaren hoto kuma HD 4000 ne wanda yake cikin jikin firosesar, ba wani kati ne na daban ba. RAM 4GB, faifan ajiya irin na da mai juyawa, sikirin 1366x768, Windows 10 a kai wanda aka sake zubawa 'yan watanni kafin bikin. Bidiyon kuma a filash aka kawo shi, babban fayil guda ɗaya da aka tace aka haɗa na kusan awa ɗaya, sai wani folda mai ɗauke da ɗanyun gutsattsari, wasu daga kyamara wasu daga wayoyin ƙawayen amarya.

Abu na farko da nake yi in an ce min bidiyo na cijewa shi ne in zauna in kalli irin cijewar da idona, dan kala-kala ce kuma kowacce da inda take nunawa. In sauti da hoto suka tsaya tare, ɗan da'irar nan tana juyawa, wannan intanet ne. In a daidai wuri ɗaya yake tsayawa kullum, ko ka maimaita sau nawa sai ya cije a wannan daƙiƙar, to fayil ɗin ne ya samu rauni ko filash ɗin jabu ne. In ya fara da kyau sai bayan 'yan mintuna ya dagule, ka zargi zafi. Amma in sauti na gudu abinsa hoto ne ke jan ƙafa a baya, kusan kullum ma'anarsa kwamfutar ta kasa fitar da hotunan a kan lokaci, sai ta dinga zubar da wasu dan ta cimma sautin. Namu irin na ƙarshen nan ne, kuma na lura da ɗan alamar na ukun ma, dan yana ƙara lalacewa in an jima ana kallo.

Na ciro filash ɗin na jona shi a wayata da ɗan mahaɗin nan da ake kira OTG, na buɗe babban fayil ɗin. Sumul. Amarya na shigowa, leshi na walƙiya, ko gezau bai yi ba, na ja shi tsakiya na ja shi ƙarshe duk lafiya. Na miƙa wa Yaya wayar na ce Yaya kalli nan, aikin yaron nan lafiyarsa ƙalau, ki ajiye saƙon nan tukuna. Ta kalla ta yi shiru, sannan ta ce toh ai kai ka sani, ni dai a babban allo nake so in gani ba a wannan 'yar abar ba. Ɗanta kuma ya jefo tambayar da ita ce ainihin lamarin gaba ɗaya, ya ce Kawu to ya za a yi waya ta fi kwamfuta ƙarfi? Na ce masa ba ta fi ta ƙarfi ba, ka dai bari mu je a hankali za ka gani.

Na fara kawar da zancen filash da faifan ajiya, dan shi ne mafi sauƙi. Na kwafe fayil ɗin cikin kwamfutar na kunna daga can, babu abin da ya canza. Lissafi ma ya nuna haka, fayil ɗin ya ɗan haura 20GB a kusan awa ɗaya, in ka raba zai ba ka kamar 6MB a kowace daƙiƙa, alhali ko tsohuwar kafar USB 2.0 tana iya jan wajen 30MB a daƙiƙa, faifai mai juyawa kuma ya ninka haka. Kaga kenan hanyar da bidiyon ke bi ya shigo ba ta cushe ba, ko kusa. Nan take filash da faifan ajiya suka fita daga jerin waɗanda ake zargi.

Sai na danna Ctrl+Shift+Esc na buɗe Task Manager, wajen da ke nuna nauyin da kowane sashe na kwamfuta ke ɗauka, bidiyon na tafiya a gefe. Firosesa ta kafe a 100 bisa 100 ta ƙi saukowa, fanka na ihu, RAM kuwa bai ma cika ba, akwai sauran wuri. Abin da ya ɗan ɗaure min kai shi ne da na gwada ɗanyun gutsattsarin kyamara, waɗanda girman hotonsu 1080p ne kawai, su ma suna ɗan cijewa in an cika sikirin da su, kuma na san wannan kwamfutar bai kamata ta ji komai a kansu ba. Shi ya sa na leƙa Device Manager, wajen Display adapters, sai ga shi an rubuta Microsoft Basic Display Adapter. Wato wanda ya sake zuba Windows ɗin bai sa diraibar hoto ba, ita ce manhajar da ke koya wa Windows yadda zai yi aiki da HD 4000 ɗin, Windows kuma da kansa yakan jawo ta ta intanet amma an kashe ofdet gaba ɗaya saboda tsoron cin data. Watanni kenan ɓangaren hoton yana kwance yana barci, firosesa ce ke ɗaukar komai a kanta har zanen abin da ke kan sikirin. Na tambayi yaron ko hasken sikirin na ƙaruwa ko raguwa in ya danna, ya ce a'a tun da aka yi fomatin ya daina. Na ce HDMI fa? Ya ce ai shi ya sa ba sa kallo a talabijin, har sabuwar igiya suka saya ba ta yi ba. Duk ciwo ɗaya ne. Wannan abu yana yawan faruwa kuma yana ba ni haushi, mutum ya biya kuɗin fomatin a miƙo masa kwamfuta rabi a raye.

Na sauko da diraibar na sa, aka kashe aka kunna. Haske ya dawo, talabijin ta kama ta tsohuwar igiyar ma, gutsattsarin kyamara suka koma tafiya sumul, firosesa ta sauko can ƙasa tana hutawa. Yaron har ya fara murna. Muka kunna babban fayil ɗin, sai ga shi nan dai yana cijewa, ya ɗan yi sauƙi amma ba abin da za a zauna a kalla ba ne.

To nan ne gundarin maganar. A cikin manhajar kallo ta VLC in ka danna Ctrl+J zai nuna maka ko wane irin bidiyo ne kake kallo. Na kyamara an rubuta H264, 1920x1080. Babban kuma an rubuta HEVC, wato H.265, 3840x2160 wanda ake kira 4K, hoto 60 a daƙiƙa, kuma 10-bit, wato mai yawan launi fiye da 8-bit da aka saba. A shafin Statistics kuma lambar hotunan da aka zubar sai hawa take kamar mita.

Duk bidiyon da ka gani a matse yake, ba a ajiye shi hoto-hoto cikakke dan da haka ne ko minti biyar ba za su shiga filash ba. Ana ajiye cikakken hoto ɗaya ne jefi-jefi, sauran kuma bayanin abin da ya canza ne kawai, hannun nan ya matsa nan, gyalen nan ya karkata can, sai kwamfuta ta yi lissafi ta sake gina kowane hoto lokacin da kake kallo. Shi ya sa in ta zubar da wasu a hanya kake ganin toka-tokan nan, ginin ne ya rasa tubalin da zai hau kai. Salon matsewar shi ake kira kodek. H.264 ya fito tun 2003, shi ne kusan kowace na'ura a duniya ta sani. HEVC kuma 2013 ya fito, yana matse bidiyo ya koma kusan rabin girman na H.264 da kyau iri ɗaya, amma kwance shi na cin lissafi sosai.

Kuma hanyar kwancewar biyu ce. Ko dai firosesa ta yi da ƙarfinta, ko kuma wani ɗan sashe na musamman da aka gina cikin ɓangaren hoto wanda ba shi da aikin komai sai wannan. Bambancinsu kamar dakan turmi ne da injin niƙa, mai daka ko ya kai Sarkin Ƙarfi buhu guda zai jigata shi, injin kuwa ko ƙarami ne zai haɗiye ya nemi ƙari, sai dai fa injin abin da aka ƙera shi dominsa kawai yake niƙawa. Injin da ke cikin HD 4000 ya san H.264 da MPEG-2 da VC-1, bai san HEVC ba, dan an ƙera shi kafin a gama HEVC ɗin ma. A wajen Intel, da ke fitar da firosesa zubi-zubi, sai a zubi na 6, Skylake na 2015, aka samu cikakken kwance HEVC mai 8-bit a cikin na'ura, mai 10-bit kuma sai zubi na 7, Kaby Lake, wanda ya fara fitowa a 2016. Tamu zubi na 3 ce. Wayata kuma sabuwa ce a kanta nesa ba kusa ba, tana da nata sashen da ya san HEVC, shi ya sa take kunna shi ko ɗumi ba ta yi. Amsar tambayar yaron kenan.

Ka duba nauyin da aka ɗora wa firosesar. Hoton 1080p ɗigo 2,073,600 ne, na 4K kuma 8,294,400, ninki huɗu cif. A ninka shi sau 60, ya kusa ɗigo miliyan 500 a kowace daƙiƙa, kuma kowane hoto dole a gama shi cikin ƙasa da kashi 17 cikin 1000 na daƙiƙa, in an makara ya wuce. Firosesa mai ƙwaƙwalwa biyu ta 2012 ba za ta iya ba, ko an yi mata addu'a an tofa. Abin takaicin ma shi ne duk wannan wahalar a banza take sha, dan sikirin ɗinta ɗigo miliyan ɗaya da 'yan kai kawai yake da shi, talabijin ɗin falo kuma 1080p ce, wato sai ta gama kwance 4K ɗin da ƙyar sannan a ƙanƙance shi a watsar da mafi yawansa.

Na gwada 'yan dabarun da ake yi duk da na san iyakarsu. A VLC akwai wajen da ake cewa ya tsallake tace gefen hoto, na sa shi, ya ɗan rage. Na gwada wasu manhajojin kallon, MPC-HC da mpv, su ma ɗan sauƙi ne kawai. Ba laifin manhajar kallo ba ne.

Sai muka dawo kan takardar mai gyara. RAM dai mun gani bai cika ba, ƙara shi zai taimaka wajen buɗe shafuka da yawa a burauza, musamman in aka sa guda biyu suka yi aiki tare dan ɓangaren hoton daga RAM yake aron wuri, amma ba zai koya wa HD 4000 abin da bai sani ba. SSD kuma abu ne mai kyau ƙwarai, ni kaina shi nake fara ba mutane shawara ga tsohuwar kwamfuta, za ta dinga tashi da wuri tana buɗe abubuwa da sauri, amma wannan bidiyon zai ci gaba da cijewa a kan SSD kamar yadda yake yi a faifai. Tarin kodek shi ne mafi rashin amfani a ciki, VLC da nasa yake zuwa, matsalar ba ta rashin gane fayil ba ce, an gane shi sarai ƙarfin kwance shi ne babu. Haka ma HEVC Video Extensions da Microsoft ke sayarwa a shagonsa, yana sa manhajojin Windows su buɗe fayil ɗin ne, ba ya dasa sabon sashe a cikin na'ura. Fomatin kuwa, fomatin ɗin baya ne ma ya haifo rabin matsalar. Ban ce mai gyaran mugu ba ne, yawancinsu abin da suka saba ke nan, in an ce kwamfuta na silo sai RAM da SSD da fomatin, kuma sau da yawa yana aiki, nan ne dai bai dace ba.

Saura zancen zafi. Na sa HWMonitor, manhajar da ke nuna zafin kwamfuta, na bar bidiyon yana tafiya, cikin 'yan mintuna zafin ya haura digiri 90 yana neman 100, ita kuma wannan firosesar iyakarta 105 ne, in ta kusanto can da kanta take rage gudu dan kar ta ƙone. A Task Manager kana ganin lambar gudun tana zamewa ƙasa. Na kai hannu wajen da iska ke fita, da ƙyar ake jin hucin, ga fanka kuma sai kuka take. A kan kafet ake ajiye ta ko kan katifa, ƙofofin iskar na ƙasa a toshe. Wannan aikin mai gyaran muka kai wa, na tsaya a kansa ya buɗe. Tsakanin fanka da haƙoran ƙarfen da ke fitar da zafi akwai wata ƙura da ta dunƙule ta zama kamar tsumman bargo, ya sa ɗan tsinke ya ɗago ta ta fito a haɗe guda ɗaya, ja-ja irin ta hunturu, da zaren kafet a jikinta. Man da ake shafawa tsakanin firosesa da ƙarfen ya bushe ya zama kamar alli, ya kankare ya goge ya sa sabo. Gaskiya ya iya wannan aikin, har riƙe fankar ya yi da yatsa lokacin da yake hura mata iska dan kar ta yi juyin da ya wuce ƙima. Bayan nan zafin ya sauka sosai, gudun ya daina zamewa, kukan ma ya ragu. Na kuma nuna wa yaron cewa in an ɗauke wuta kwamfutar na kan batir Windows na rage mata ƙarfi dan ya yi tattalin caji, in zai yi abu mai nauyi ya bari sai tana jone.

Duk da haka 4K ɗin bai kallu ba, kuma dama ban sa ran zai kallu ba. Tunda ba za a canza kwamfuta ba, bidiyon za a canza.

Ana iya juya shi da HandBrake, manhajar sauya salon bidiyo, kyauta ne, ka zaɓi Fast 1080p30 ya mayar maka H.264. Amma juyawar ma sai an kwance kowane hoto da wannan firosesar dai, awa ɗaya a hoto 60 a daƙiƙa hoto 216,000 ne, in tana yin 10 a daƙiƙa awa 6 kenan tana aiki ba hutu, kuma wa zai ba ka tabbacin wutar awa 6 a jere? Sai na ga mafi sauƙi a kira mai bidiyon, tunda aikin na nan a kwamfutarsa. Da na yi masa bayani ya ce Yallaɓai ai mafi kyawun kwaliti na ba su, 4K ne fa, wasu ma sai sun ƙara kuɗi nake ba su. Na ce na sani kuma aikinka ya yi kyau, na gani a waya, amma gidan da ka kai ba su da abin kallonsa, dan Allah ka sake fitar mana da shi a H.264, 1080p, 8-bit, kuma ka raba shi kashi-kashi kowanne kar ya kai 4GB. Dalilin rabawar shi ne za a tura wa su Gwaggo da sauran dangi a filash su jona a talabijin kai tsaye, talabijin da yawa kuma tsarin fomatin filash na FAT32 suka fi ganewa, shi kuwa ba ya karɓar fayil ɗin da ya kai 4GB. Bai yi musu ba, ya ce shi ma wani ya taɓa yi masa irin wannan ƙorafin ya ɗauka kwamfutar mutumin ce ke da bairos. Ina ganin masu wannan sana'a ya kamata su mayar da shi al'ada, su dinga ba da kwafi biyu, babba na ajiya da ƙarami na kallo, ba wani aiki ne mai yawa a wajensu ba kuma zai raba su da zagin da ba su ci ba.

Da ya kawo, muka jona laftof ɗin da talabijin, hoto 60 a daƙiƙa ya bar shi kuma HD 4000 ya ɗauka ba gargada, firosesa na zaune abinta. Na buɗe Statistics dan in tabbatar, lambar hotunan da aka zubar ta tsaya ba ta motsi. Yaya ta kalla daga farko har ƙarshe, ta sa aka maimaita mata wajen buɗar kai.

Gutsattsarin wayoyin ƙawayen amarya ni na juya su da HandBrake tunda gajeru ne. Yawancinsu daga iPhone suke, shi kuma tun iOS 11 a 2017 HEVC yake ɗauka in ba ka canza ba, daga iPhone 12 kuma har da HDR mai 10-bit, wato salon hoto mai ƙarin haske da launi. Nan akwai wani tarko, in ka juya bidiyon HDR kai tsaye launin zai fito a koɗe, jan lalle ya koma kamar ruwan ƙasa, fuska ta yi fari-fari. A shafin Filters akwai Colorspace, ka sa shi a BT.709, sai launin ya dawo irin wanda sikirin na gama-gari ke nunawa daidai. Gara ka fara gwadawa da ɗan guntu ka gani kafin ka sake shi ya yi duka.

Bayan kwana kaɗan yaron ya kira ya ce Kawu YouTube ma fa yana ɗan yi, musamman ƙwallo in ya sa 1080p60, kuma data na da ƙarfi. Na ce ya danna dama a kan bidiyon ya zaɓi Stats for nerds ya karanto min layin Codecs, ya ce vp09. Ciwon dai shi ne da wata riga. YouTube ya fi turo kodek ɗin VP9, shi ne vp09 ɗin, ko AV1, HD 4000 kuma bai san ko ɗaya ba, AV1 ma sai zubi na 11 na 2020 Intel ya fara kwance shi a na'ura. Na ce ya sa ɗan ƙarin burauza mai suna h264ify, shi ke tilasta YouTube ya turo H.264, ya sa ya sake dubawa ya ga avc1, cijewar ta tafi. Iyakarsa 1080p ne, amma dama sikirin ɗinsa bai kai haka ba.

Ya tambaye ni in zai canza kwamfuta nan gaba me zai duba, dan shi a saninsa i5 i5 ne, i7 kuma ya fi. Nan mutanenmu da yawa ke faɗawa a kasuwar tokumbo, a ce maka Core i7 ce ka ji daɗi ka biya, ba ka tambayi zubi na nawa ba. Farkon lambar da ke bayan i5 ko i7 ɗin ne ke faɗa, 3320M zubi na 3, 8250U zubi na 8, 1135G7 zubi na 11. A wajen kallon irin wannan bidiyon i3 na zubi na 8 zai kunna abin da i7 na zubi na 3 zai kasa. Na ce masa kar ya sauka ƙasa da na 8, dan daga nan ne ma Windows 11 ke karɓa a hukumance, Windows 10 kuma Microsoft ya daina ba shi tallafin da aka saba tun 14 ga Oktoba 2025.

Yanzu dai laftof ɗin na kan wani ɗan katako ba kan kafet ba, RAM ɗinta 4GB ɗin nan ne ba a ƙara ba, SSD ya ce sai ya tara kuɗi kuma na ce ya yi dan zai ji daɗinsa a sauran ayyuka. Asalin fayil ɗin 4K har yau ba ta iya kunna shi, kuma na hana a goge shi dan Yaya ta so a share a samu wuri, na sa an kwafe shi a wani faifan na waje an kuma bar na filash ɗin, amarya ma an kai mata nata tunda talabijin ɗin gidanta sabuwa ce tana karɓarsa. Ƙawarta ɗaya da ta ji labarin ta aiko tambaya ko akwai yadda za ta sa iPhone ɗinta ya daina ɗaukar irin wanda ba ya buɗuwa a kwamfuta, na ce ta shiga Settings, Camera, Formats, ta mayar da shi Most Compatible, zai koma H.264, sai dai fayil zai ƙara girma kuma 4K mai hoto 60 a daƙiƙa ba ya yiwuwa sai a High Efficiency.